Ƙusa a Ƙofar Jar Mota

A shekarar da fari ya koro yayana daga ƙauyenmu na wajen Zermu, ni na riga na daɗe a Zinder ina cin abinci da wayoyin mota. Rumfata tana bakin tasha, langa-langa huɗu da benci guda. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba ni da takardar kowa rataye a bango. Da rediyo na fara, na koma babur, daga nan direbobin manyan motoci suka san ni. In fitila ta ƙi kamawa, ko batir ya wayi gari a mace, ni ake nema. Ina kuma da baki, wannan ban taɓa musunsa ba. Mahaifiyarmu takan ce ni da faɗa na zo duniya, yayana kuwa da haƙuri, kuma shi ta fi jin tsoron abin da duniya za ta yi wa.

Yayana manomi ne tun daga kai har ƙafa. Shanun huɗa biyu ya mallaka, duka suka kwanta a gabansa ba su tashi ba. Damina ta zo ta wuce, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Sai da suka kai ga tonon gidan tururuwa suna neman ƙwaya kafin ya yarda ya taso. Ya iso da matarsa, da 'ya'ya mata biyar, da surukarsa tsohuwa, da tunkiya ɗaya da ake iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Ɗakina ɗaya ne, ni da iyalina mun cika shi. Na yi ta yawo ina roƙo, abin da na fi ƙi a rayuwata, har na samo masa gadi a gidan wani attajiri a unguwar Birni. Maigidan ya rasu, ya bar Hajiya da ɗa namiji guda. Aka ba yayana rumfar da ke bayan gida, inda a da ake jibge buhunan gyaɗa, ana kuma fito musu da tuwo safe da yamma. A shekarar nan wanda ya samu inuwa da tuwo sau biyu ya gama samun duniya. Sauran 'yan ƙauyenmu a bakin gari suke zube ƙarƙashin tsummoki, suna jiran a raba jar dawar taimako, kuma da wuya mako ya fita ba mu je mun binne yaro ba.

Hajiya ban taɓa ganin fuskarta sosai ba, amma na san ƙanshinta. Jinin Barebari ce, da hannunta take haɗa humrarta, kuma duk abin da ya kwana a akwatinta sai ya fito da wannan ƙanshi. Ta ba matar yayana zane guda. In matar yayan nawa ta zo rumfata da zanen nan, ƙanshinsa yakan danne warin man inji har sai ta tafi.

Ɗan Hajiya ya yi karatu a ƙasar waje, ya dawo da mota ja, mai ƙofa biyu da kujera biyu, gajeriya har kana iya dafa rufinta da gwiwar hannu. Motar tsere ce, an yi ta don hanyoyin da ba mu da su. In ta shigo lungunan Birni cikinta yana gogar ƙasa, in kuwa ta samu kwalta sai dai ka ji kukanta. Gilashinta ba a murɗa shi da hannu, maɓalli ake dannawa ya sauka da kansa. Mutane suna taruwa don su ga wannan kaɗai. Ni ma na je na gani, ba zan yi ƙarya ba. Ta burge ni, kuma na ji haushin kaina da ta burge ni.

Yayana ke wanke ta kowace safiya. A garin da mata ke wuni a layin famfo da tulu, ana wanke mota da bokiti biyu. Yakan jera tsofaffin kwanuka a ƙarƙashinta ya tari ruwan da ke zuba, ya kai wa tunkiya. Saboda haka ba ya sa sabulu sai a ƙarshe.

Da bazara ta kankama sai gilashin ƙofar direba ya fara gardama. Yau ya yi aiki, gobe ya tsaya a tsakiya, ba sama ba ƙasa. Aka kai motar babban garaji, inda shef ɗinsu, wato babban makanike, ke yawo da shuɗiyar riga da alƙalami uku a aljihu. Suka tarar fizibil ya ƙone. Fizibil shi ne ɗan siririn ƙarfen da ake sawa a hanyar wuta, don in wani abu ya lalace ya ƙone shi kaɗai, kada mota ta kama. Suka canja shi, ya sake ƙonewa. Suka canja maɓalli, ya sake ƙonewa. Da suka gaji sai suka sa masa fizibil mai kauri, wanda ba ya ƙonewa da wuri. Duk wanda ya san wuta ya san wannan ba gyara ba ne, toshe bakin mai ihu ne. Kwana biyu bayan haka, a hanyar Mirriya, hayaƙi ya fito daga cikin ƙofar, ɗan Hajiya ya yi tsalle ya fita da takalmi ɗaya.

Ya koma garaji yana zagi. Shef kuwa dole ya samo inda zai sauke kayan. Ya ce ruwa ne ya shiga ƙofar, ya tambaya wa ke wanke motar.

Ranar Laraba da hantsi matar yayana ta zo rumfata. Ba shi ya aiko ta ba. Ta tsuguna a gefen benci ta ce an ba su zuwa Juma'a, da an sauko daga masallaci su kwashe kayansu.

Na ce, "Shi Yaya me ya ce?"

Ta ce, "Ya ce to."

Na jefar da abin da ke hannuna, ban ko rufe rumfa ba. Ina tafe ina ganin 'yan matan nan biyar a bakin gari ƙarƙashin tsumma. Ƙaramar ba ta daɗe da tashi daga zawo ba, wuyanta bai gama ɗaukar kanta ba. Na san in sun koma can ba dukansu za su ga damina ba, kuma shi ma ya sani.

Na same shi zaune a ƙofar gida yana tufka igiya, kamar ba abin da ya faru.

"Yaya, ka zuba ruwa a cikin ƙofar nan?"

"Ban zuba ba."

"Ka faɗa wa ɗan Hajiya?"

"Na faɗa masa sau ɗaya."

"Sau ɗaya! Mutum takwas za a watsa a titi, kai kuma sau ɗaya?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka bar maganar nan. Allah bai manta da mu ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma kada ka sa hannu a motar nan. Na gaya maka."

Na ɗauka tsoro yake ji kada in ɓata abin da ba za mu iya gyarawa ba. Wannan ya ƙara tunzura ni. Na tsaya a rana har ɗan Hajiya ya fito. Saurayi ne dogo, ba mugu ba, amma tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa ce masa a'a sai injin mota. Na gaishe shi yadda ya kamata, na gaya masa ni ƙanen mai gadi ne, kuma aikina ke nan.

Ya dube ni daga hula har silifa. "Babban garaji sun kasa, kai ne za ka iya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba su kasa ba, ba su nema ba ne. Ka ba ni gobe daga safe zuwa la'asar. In na buɗe na ga ruwa ne, ni da kaina zan ɗauki kayan yayana a ka in fitar maka da su. Ba sai Juma'a ba."

Ya yi dariya. Ina jin nishaɗi ya hango, don ya ce zai kira shef ya zo ya tsaya a kaina.

Ranar Alhamis na zo da jakata. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: turnabis biyu na kwance kusoshi, 'yar wuƙa, baƙin salatif, guntayen waya, da ƙwan fitilar mota da na haɗa wa waya biyu. An turo motar ƙarƙashin bishiyar da ke ƙofar gida. Shef ya zo da kujerarsa. Maƙwabta suka fara taruwa, don a lokacin ba aikin yi, kuma kallo ba ya cin hatsi. Yayana yana tsaye jikin bango, hannuwansa a baya.

Na fara da inda kowa zai fara. Tsakanin ƙofa da jikin mota akwai wata roba mai lanƙwasa da wayoyi ke bi ta ciki. Ƙofa tana buɗewa tana rufewa, wayoyin suna lanƙwashewa, yawanci nan suke karyewa. Na janye robar, na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Lafiyarsu lau. Na leƙa ƙasan ƙofar inda ramukan fitar ruwa suke, na zura tsinke. Abin da ya fito busasshen rairayi ne da gawar ƙwaro. Na ɗaga tsinken sama yadda kowa zai gani.

Shef ya ce, "Ai ya bushe. Da wannan rana me ba zai bushe ba?"

Na ce, "Haka ne, shef. Mu ma mun bushe."

Sai na cire fizibil ɗinsu mai kauri, na sa ƙwan fitilata a gurbinsa. Dabarar ba wuya. In wayar wuta ba ta taɓa ƙarfen mota ba, ƙwan zai zauna a mace. In ta taɓa, maimakon wani abu ya ƙone, ƙwan zai haska ya gaya maka. Na ɗora shi a kan kujerar motar inda nake ganinsa, na kunna makulli. Bai haska ba. Na buɗe ƙofar, na rufe a hankali. Bai haska ba. Na jijjiga wayoyin, na girgiza motar da kafaɗa. Shiru. Na ji wani a cikin 'yan kallo yana cewa wannan ma dai cika baki ne.

Na tsaya na yi tunani. Motar ba ta ƙona fizibil a tsaye, sai an fita da ita. Na juya wajen ɗan Hajiya.

"Ranka ya daɗe, zo ka rufe ƙofar nan yadda ka saba rufewa."

Ya zo ya maka ta da ƙarfi, irin rufin wanda bai san kuɗin ƙofa ba. Ƙwan ya yi walƙiya ya mutu.

Wallahi har yau in na tuna wannan walƙiya sai na ji daɗi a ƙirjina. Na ce ya sake. Ya sake, ƙwan ya sake haskawa. Na dubi shef na ce, "Ruwa ba ya jira sai an buga ƙofa. Akwai abin da ke motsi a ciki."

Na buɗe ƙofar na durƙusa. Cikin ƙofar an rufe shi da siririn allo, an lulluɓe allon da baƙar fata, kuma a ƙasa akwai aljihu mai zurfi na ajiye takardu. Na shiga danna allon da tafin hannu, taki bayan taki, idona a kan ƙwan. Sama ba komai. Wajen maɓalli ba komai. Da na iso kan aljihun na danna, ƙwan ya kama ya tsaya. Na saki, ya mutu. Na danna, ya kama. Sai 'yan kallo suka matso.

Mutanen garaji ba su taɓa cire allon nan ba. Maɓalli kawai suka zaro, don suna tsoron karya 'yan ƙugiyoyin da ke riƙe shi, kuma babu irinsu a ƙasar nan. Ni ma ina tsoro, amma na fi tsoron Juma'a. Na bi su da bakin turnabis a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har allon ya saki. Da na ɗaga shi sai zafin da ya taru a cikin ƙofar ya bugi fuskata, tare da warin ƙonanniyar roba. A ƙarƙashin warin nan akwai wani ƙanshi da na sani, amma a lokacin hankalina bai tsaya a kansa ba.

Abin da na gani shi ne tsinin ƙusa. Ta huda allon daga wajen aljihu, ta shige cikin damin wayoyi, ta tsaga rigar jar wayar da ke ɗauke da wuta. Tsininta ya tsaya dab da ƙarfen ƙofa, tazarar bai fi kaurin farce ba. In an rufe a hankali ba ta kaiwa. In an buga, ko mota ta faɗa rami, sai ta taɓa. Na juya allon, na zura hannu can ƙasan aljihun, na ɗaga baƙin ƙyallen da aka shimfiɗa a ciki. Laya ce, ƙarama, shafaffiya, an kafe ta ta hancinta.

Na dubi ƙusar da kyau, sai na gane ta. Tsohuwar ƙusa ce da aka miƙar da dutse, an kuma lanƙwasa kanta gefe don ta riƙe hancin layar. Haka mahaifinmu ke yi. Haka yayana ya kafa layar da ke bisa ƙofar ɗakinsa da ta rumbunsa. A ƙauyenmu in an ce a sa laya a ƙofa, ƙusa ake nema da dutse, ba a san wata hanya ba. Wa zai gaya wa manomi cewa akwai ƙofar da wuta ke gudu a cikinta?

Da ni kaɗai ne da na cusa ta a aljihu na ce ɓera ne ya ci waya. Amma kai goma ne a kaina, kuma shef ya riga ya miƙe.

Ɗan Hajiya ya fizge layar daga hannuna, ya kuma yar da ita a kan rufin mota kamar ta ƙone shi. "Asiri! A motata! Wa ya sa wannan?"

Yayana ya taso daga jikin bango. Ya ce, "Ni na kafa ta."

"Wa ya aiko ka? Wa ke son ya kashe ni?"

"Ba mai son ya kashe ka."

"To wa ya ba ka?"

Yayana ya dubi ƙasa. "Wannan ba zan faɗa ba."

Wuri ya rikice. Wani ya ce dama mutanen ƙauyen nan ba a san abin da ke cikinsu ba. Shef, wanda ɗazu ruwa yake rantsuwa da shi, yanzu ya ce tun farko ya ji a jikinsa abin ba na Allah da Annabi ba ne. Ɗan Hajiya ya ce a kira jandarma. Ga shi na zo hana kora, na jawo ɗauri.

Na ɗauki layar daga kan rufin. Jar fata ce mai laushi, irin ta dukawan Birni, ɗinkin siriri da koren zare. Mutumin da ya toni gidan tururuwa ba shi da abin sayen irinta. Na kai ta kusa da fuskata, sai ƙanshin nan ya dawo, yanzu shi kaɗai ba warin roba. Zanen matar yayana ne ya faɗo mini a rai. A daidai lokacin na ji ƙarar awarwaro a bayan ƙofar zaure, na gane akwai wadda ke tsaye tana saurare.

Na dubi yayana. Ya gane na gane. Ya girgiza mini kai kaɗan, irin girgizar da yake yi mini tun muna yara in zan ɗauki abin da ba a ba ni ba. Kafin ranar nan, da duk bakina, ban taɓa tsallake wannan girgiza ba. Na jira ko ƙofar zaure za ta buɗe. Na ƙirga numfashi kusan goma. Ba ta buɗe ba.

Na miƙa wa ɗan Hajiya layar. Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin jandarma su zo, shinshina."

"Me?"

"Shinshina kawai. Ni ban ce komai ba."

Ya karɓa da yatsa biyu ya kai hanci. Na ga fuskarsa ta sauka. Mutum ba ya mance ƙanshin bayan da aka goya shi. Ya juya ya dubi zaure, kuma da ya juya, duk wanda ke wurin ya juya tare da shi. Ƙarar awarwaron ta yi nisa zuwa cikin gida. Ba wanda ya ambaci kowa, amma ba wanda bai gane ba.

Ɗan Hajiya ya juyo. Sannan ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Haɗa wayar."

Na zauna a kan dugadugaina, na ajiye turnabis a ƙasa. "Ba zan haɗa ba tukuna."

"Me kake so?"

"A gaban mutanen nan aka ce yayana ya zuba ruwa. A gabansu aka ce mai asiri ne. A gabansu nake son in ji inda zai kwana ranar Juma'a, shi da 'ya'yansa."

Ya ce, "Ya zauna."

Na ce, "Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe, tasha ta kashe mini kunne."

Jijiyar wuyansa ta tashi. Na ɗauka zai mare ni, kuma na riga na yanke cewa ko ya mara ba zan ɗauki turnabis ba. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Mai gadi yana nan a wurinsa. Ba shi da laifi." Ya faɗa yana kallon bishiya, amma ya faɗa.

Na yanke inda wayar ta ƙone, na ƙara sabuwa, na murɗe, na naɗe da salatif, na duba maƙwabtanta biyu da zafi ya taɓa na naɗe su. Na mayar da allon, ƙugiya ko ɗaya ba ta karye ba. Na sa fizibil siriri irin wanda ya dace. Na ce ɗan Hajiya ya buga ƙofar iya ƙarfinsa. Ya buga sau uku, ya danna maɓalli, gilashi ya sauka ya hau sumul. Shef ya ɗauki ƙwan fitilata yana jujjuya shi, ya tambaye ni wa ya koya mini wannan. Na ce rashin fizibil ne ya koya mini.

Ina haɗa jakata ɗan Hajiya ya matso, ya miƙo mini layar yadda mutane ba za su gani ba. Ya ce, "Nemo mata wurin da babu waya." Na ɗaure ta a ƙarƙashin kujerarsa da robar tayar keke. Ƙusar kuwa na jefa ta a jakata.

Na ɗauka yayana zai ce sannu. Da mutane suka watse na same shi a bayan gida yana ba tunkiya ruwa. Bai juyo ba.

Ya ce, "Ka tona tsohuwa a gaban maza."

"Ni ban kira sunan kowa ba."

"Kada ka yi mini wayo. Ta kira ni, ta ce ɗanta guda ne, tana jin kukan motar nan cikinta yana juyawa. Ta taɓa ba shi wata laya ya jefar, ya ce ta bar shi da kayan duhun kai. Ta roƙe ni in sa inda ba zai gani ba, kuma kada in faɗa. Na ce mata to. Matar da ke ciyar da 'ya'yana ta roƙe ni abu ɗaya."

Na ce, "Tana jin za a kore ka ta yi shiru. Tana jin za a kira jandarma ta yi shiru. Kunyarta ta fi 'ya'yanka biyar?"

Ya ce, "Nata tsakaninta da Allah. Ni nawa alkawari ne."

"Kai ka yi alkawari, Yaya. Ni ban yi ba."

Daga ranar ya daina cin abinci a kwano ɗaya da ni. In na gaishe shi yakan amsa, iyakarta ke nan. Hajiya kuwa in na yi sallama a zaure ba a amsawa daga ciki. Amma tuwo bai daina fitowa ba, har ma matar yayana ta ce miya ta ƙaru. Suka zauna a rumfar nan har ruwa ya dawo. Ranar da za su koma ƙauye ni na samo musu wuri a bayan wata babbar mota. Na ɗora 'yan matan da hannuna, ina ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ƙaramar ta yi nauyi har sai da na yi nishi.

Da shekaru suka tura muka koma cin tuwo tare, amma maganar jar mota ba mu sake tayar da ita ba. Motar ma ba ta yi tsawon rai ba, hanyoyinmu suka cinye ta, na ga gawarta a bayan wani garaji kaji suna ƙwai a kujerar direba. Mai ita yana nan da ransa, ya yi furfura.

Da ciwon ajali ya kwantar da yayana, aka aiko mini na tafi ƙauye. Na same shi da hantsi a ƙofar ɗakinsa, an jingina shi da bango, 'ya'yansa mata biyar suna kai da kawo da nasu 'ya'yan a baya. Muka yi abin da ake yi. Na ce ya yafe mini duk abin da na yi masa tun ƙuruciya, ya ce ya yafe, ni ma na yafe masa. Ya ja numfashi da ƙyar. Sannan ya kama hannuna ya ce, "Har ƙusar nan na yafe maka."

Na dubi tsakar gidan. Ƙaramar ce ke daka, taɓaryarta tana tashi sama da kanta.

Na ce, "Wannan ban roƙa ba, Yaya."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, bai kuma saki hannuna ba.